Yatsun Mai Fasa Dutse

Sau uku ke nan ina sintiri daga ƙauyenmu Kara-Kara zuwa wurin rajistar katin zaɓe. Sabuwar doka ta ce sai na'ura ta karanta zanen yatsa, ni kuwa fasa dutse ya goge nawa sumul.

"Ranka ya daɗe, ga ni fa gabanka, har da furfurata," na ce wa ma'aikacin.

"Baba Ɗan Azumi, na'ura ce ba ta gan ka ba. Ka huta wata guda, kana shafa man kaɗanya."

Kwana tara ina kaiwa da komowa a tsakar gida, matata Shatu tana harara ta, gero yana ƙarewa. Rana ta goma ta miƙo mini guduma. Na dubi yatsuna, har sun fara laushi kamar na manya. Na karɓa.