Motar Wendell Ta Ƙi Tafiya

Duk layinmu a Bakersfield ba wanda bai san Wendell Pruitt bai taɓa barin matarsa Lorna ta riƙe sitiyarin jar motarsa ba. Shekara talatin yana haɗa ta a gareji, gangar jikin ta 1932, inji daga wata mota, kujeru daga wata. Aikin Lorna miƙo kofi. In ta ce ya ba ta ta ɗana, sai ya ce, "Ke da ƙafarki ba ta kai birki? So kike ki zuba mu a gonar auduga?"

Wendell ya rasu ranar Talata. Al'adar ƙungiyarsu ta masu haɗa motoci, ranar binnewa motar mamaci ce ke shiga gaba, sauran su bi ta a jere har maƙabarta, kuma ɗan gida ne zai ja. Ba su haihu ba. Lorna ta ce ita za ta ja, ranar Asabar da za a binne shi.

Ranar Alhamis ta fito gwaji. Ba ta wuce layi uku ba motar ta fara nauyi kamar an ɗaure ta, ƙauri ya tashi daga tayoyin gaba. Inda ta tashi tsayawa kuma sai ƙofar shagon gyaran gashi, gaban mata bakwai. Kafin la'asar zance ya zaga cewa ko motar ma ba ta yarda da ita ba. Abin da ya fi cin Lorna, ita ma haka ta ɗauka.

Da safiyar Juma'a Orval ya zo, abokin Wendell tun makaranta, mai kunne ɗaya da ke aiki.

"Gajera, me kika yi wa motar mutane?"

"Tsohon banza, in gyara ka zo ka gyara. In surutu ne akwai shagon gashi."

Ya sa ta ta zaga da motar sau biyu har ta yi zafi, sannan ya ɗaga gaban da jek. Ya kama taya ya juya, ko motsi. Ɗayar ma haka.

"Da ɗaya ce sai in ce takalmin birki ne ya cije faifai. Amma biyu tare? Abin daga can wajen abin takawar yake."

Ya sa sifana ya sassauta ɗan bakin da ake fitar da iskar birki. Man birki ya yi tsartuwa har kan rigarsa, nan take tayar ta juya sakayau.

"Kin gani? Man yana zuwa, ba ya samun hanyar komawa. Kamar dai kullum da ƙafa a kan birkin."

Ya kwanta ƙarƙashin sitiyari yana nishi yana zagin gwiwoyinsa. Can sai zagin ya tsaya. Lorna ta jira, ta jira.

"Orval, ka mutu ne kai ma?"

"Jiya da kika hau, ƙafarki ta kai birki?"

Ai kuwa ta kai. Ko matashi ba ta sa a baya ba, kuma ko a ranta bai zo ba.

"Zo ki leƙa."

Ta durƙusa. Sandar da ke tura birki sabuwa ce fil, ta fi tsohuwar tsawo. A jikinta an naɗe farar takarda mai gam, da rubutun fensir mai karkarwa: Lorna, inci sha biyar.

"Ya ƙara mata tsawo don abin takawar ya matso kusa da ke," in ji Orval. "Juyi biyu kawai ya zarce wajen ɗaure ta, shi ya toshe wa man hanya. Wendell na da ba ya wannan kuskuren. Ciwo ne ya riga ya ci hannunsa, likita kuma ya hana shi tuƙi, bai samu ya gwada ba."

Sai ta tuna wata safiya a watan Maris. Tana zaune a kicin tana feraye dankali, ya shigo da tef ɗin awo, ya durƙusa da ƙyar, ya auna daga gwiwarta zuwa diddige. Ta maka masa tsumma ta ce, "Akwatin gawa za ka yi min?" Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ita kuwa ta yini ba ta kula shi ba, wai ya yi wa tsawonta ba'a.

Ta zauna daɓas a simintin garejin, cikin mai, ta fashe da kukan da ba ta yi ba a asibiti. Orval ya juya kurman kunnensa wajenta, ya yi ta goge sifana mai tsabta.

Da ta lafa ya ce, "In mayar da tsohuwar sandar, ko in rage juyi biyun?"

"Juyi biyu. Kuma in ka taɓa takardar nan sai na cire maka kunnen da ya rage."

Ranar Asabar motoci arba'in da biyu suka bi ta. Tafiyar minti goma ta ɗauke su kusan awa, na baya har injinsu ya yi zafi, domin Lorna a kowace mahaɗa sai ta taka birki, ko da mota ko babu.