Ƙafar Katakon Inna

Shekara talatin Baba yana ɗinka wa Inna takalmi, duk a kan ƙafar katako ɗaya da ya sassaƙa a makon aurensu. Kowa ya zo shagonsa sai an auna shi, ban da Inna. Wai ƙafar matarsa ya san ta kamar yunwar cikinsa.

Ni kaɗai na san takalman nan cin ta suke yi. Ƙashin gindin babban yatsanta ya turo waje ya yi ƙullutu, yatsan ya karkace yana neman hawa na kusa da shi. Baba yana gani, amma ya ce gado ne, haka ta uwarta take. Inna kuwa ta sa na yi mata alkawarin ba zan buɗe baki ba, domin Baba mutum ne da ya taɓa korar mai sayayya don kawai ya ce takalmi ya matse shi. Shirun nan ya daɗe yana ba ni haushi.

Ranar da ta kasa takawa a bakin titi, Baba ya rufe shago ya ce tare za mu asibiti.

Likitar ta ɗaga hoton ƙashi ta yi bayani. Ta ce akan gaje shi, yawan tsayuwa ma yana tsananta shi. Baba ya gyaɗa kai yana kallona, irin na ai na faɗa. Ta ce ƙashin ba zai koma da kansa ba, amma ƙanƙara da maganin ciwo da 'yar roba tsakanin yatsu suna rage zafi, idan sun gaza sai aiki. Sannan ta tambaya ko takalmi yana matse ta.

Inna ta ce sam, ba ta ko kalle ni ba.

Likitar ba ta yi musu ba. Ta shimfiɗa farar takarda a ƙasa, ta sa Inna ta tsaya a kai da dukkan nauyinta, ta zagaya ƙafar da biro. Aikin da Baba ke yi wa baƙi kullum ke nan. Ta ɗauki takalmin Inna ta ɗora a kan zanen. Layin ya leƙo ta gefe da faɗin yatsa biyu.

"Mama, wa ya sayar miki da wannan?"

"Ni na ɗinka," in ji Baba.

Na jira tsawa, har na matsa kusa da ƙofa. Sai ya durƙusa, da gwiwar nan tasa mai ciwo, ya bi layin da babban yatsa a hankali. Bai ɗago ba ya tambayi Inna tun yaushe.

"Tun haihuwar wannan," ta ce, ta nuna ni. Shekarata ashirin da shida.

"Me ya hana ki faɗa?"

"Duk ranar da ka sauko da katakon nan sai ka ce ƙafata ba ta canza ba. Ban so ka daina faɗa ba."

Tausayinsu duka biyun ya kama ni, na rasa inda zan sa idona. Baba ya roƙi likitar takardar, ya ninke ta ya sa a aljihu. Muka koma shago.

Da ya sauko da ƙafar katakon na zaci wurgi zai yi da ita. Sai ya yanko guntayen fata, ya riƙa liƙa su ɗaya kan ɗaya a gindin babban yatsan yana gwadawa da zanen, har katakon ma ya yi ƙullutu. Ya jawo wa Inna kujera, ya ce ta miƙo ɗayar ƙafar ya auna.