Benci Arba'in, Makaranta Biyar

Kwamitin ilimi na gunduma ya amince a sayo benci ɗari biyu a zamansa na ranar Laraba, da ƙuri'a huɗu a kan uku, bayan shekara tara yana soke wannan buƙata daga kasafinsa. Ya kuma jingine batun rufe makarantar ƙarshen layi har sai sakamakon jarrabawa mai zuwa ya fito. An yi zaman a ɗakin taro na ofishin ilimi, mai fanka ɗaya da tagogi uku. Abin da ya juya ra'ayin kwamitin ya faru ne ranar Juma'ar da ta gabata, da ƙarfe goma da kwata na safe, a harabar makarantar, kuma akwai hannun wata ƙusa a ciki.

Shugabar makarantar, wadda yara da iyayensu ke kira Malama Babba, shekararta goma sha ɗaya a kan kujerar. Makarantar tata tana daidai inda motar haya ke juyawa ta koma gari, azuzuwa shida da ofis ɗaya. Bara yara sittin da huɗu suka zauna jarrabawar gama firamare, sha tara suka ci. Ita ce ta ƙarshe a gundumar, karo na uku a jere. Kwamiti ya rubuto mata cewa idan ziyarar wannan zango ba ta nuna dalili ba, za a haɗe makarantar da ta bayan kasuwa. Ita za ta koma malamar aji, yaran kuma su riƙa taka kilomita biyar kowace safiya.

Dalilin ta san shi sarai. Faɗarsa ce ke da wuya.

Makarantun firamare biyar ne a gundumar. Sau ɗaya a kowane zango 'yan kwamitin su bakwai kan zagaya su, makaranta ɗaya a rana, daga Litinin zuwa Juma'a. Suna zuwa da takarda mai layi-layi: rufi, allo, ruwan sha, wurin zama. Makarantar da aka tarar da yaranta a ƙasa takan rasa maki, shugabanta kuma ya karɓi takardar tuhuma. Aji biyar da aji shida kawai suke leƙawa, don daga nan shayi na jiran su a ofis.

Shekara tara da suka wuce wani hedimasta ya ari benci daga maƙwabcinsa don ranar ziyara. Washegari maƙwabcin ya aro nasa da na wancan. Kafin shekara ta zagayo abin ya zama tsari. Da aka tattara masu ƙafa huɗu lafiyayyu a duk gundumar, arba'in suka tashi, kuma su ne ke riga kwamiti isa kowace makaranta da kwana ɗaya. Bayan Juma'a sai a raba su takwas-takwas. Rahoton kwamiti kuwa kullum iri ɗaya ne: wurin zama ya wadata. Saboda haka duk shekarar da shugabannin suka nemi kuɗin benci, sai a ja musu jan layi, kuɗin ya tafi fenti.

Sauran kwanakin zango yaran Malama Babba a kan siminti suke rubutu, wasu littafi a gwiwa, wasu rub-da-ciki. Ranar jarrabawa sai a kai su zauren sakandare a zaunar da su gaban tebur, hannun ya rasa yadda zai kama biro daga sama. Masu maki sun rubuta a rahoton bara cewa rubutun yaran ba ya karantuwa. Kwamiti ya fassara wannan da lalacin malamai.

Mai jigilar bencin ƙaninta ne, direban wata tsohuwar motar ɗaukar kaya da ya rubuta Kan Lokaci a bayanta, har sunan ya bi shi. Ranar Alhamis da rana ya biyo ofishinta ya sha ruwa kafin ya je lodi a makarantar gefen asibiti. Ya zauna a bakin tebur, ya ture rajistarta da gwiwar hannu.

"Yaya, kin ji abin da ya samu Sista?"

Sista tsohuwar nas ce da ta yi ritaya, mace ɗaya tilo a kwamitin.

"Me ya same ta?"

"Bencin nan mai ƙusa. Litinin ta zauna a kansa a bayan aji, ya ci gefen rigarta. Laraba ta canza riga, ta canza makaranta, ya sake samun ta. Tana ta faɗa wai kafintocin gundumar nan duk uwarsu ɗaya." Ya yi dariya har ruwan ya sarƙe shi. "Dattijo na makarantar bayan kasuwa ya ce in gaya miki ki buge ƙusar da guduma kafin gobe."

Malama Babba ta jawo rajistarta ta rufe. Ta dubi takardar kwamiti da ke ƙarƙashin gilashin tebur, ta dubi ƙanin nata.

"Auta, yau kada ka kawo su."

"To ina zan kai su?"

"Su kwana a motarka. Gobe ka zo ƙarfe goma da kwata."

"Kwamiti fa tara da rabi suke isowa."

"Na sani."

Ya ajiye kofin a hankali. "Yaya, shekara tara ban taɓa makara ba. Sunana a rubuce yake a bayan mota."

"Gobe ka rufe shi da tsumma."

"Idan suka kore ki, gidana ɗaki biyu ne, kin sani."

"Ni na goya ka a ɗaki ɗaya. Tashi ka tafi. Kuma kada ka taɓa ƙusar nan."

Da ya fita sai ta kira hedimastan bayan kasuwa, wanda shugabannin ke ce wa Dattijo don ya girme su duka. Ba ta so ya ji labarin a bakin wani. Ya saurare ta har ta gama, tana jin yana juya cokali a kofi.

"Ƙanwata, so kike ki tona mana asiri?"

"Yallaɓai, wane asiri? Yara dubu biyu ne ke sauke bencin nan da hannunsu duk zango."

"Saura min wata bakwai in yi ritaya."

"Ni saura min mako sha biyu a rufe min makaranta. Kuma idan aka rufe, yarana ɗari uku kai za a kawo wa. A ina za ka zaunar da su?"

Cokalin ya tsaya. Can ya ce, "Idan aka tambaye ni, ban ji wannan wayar ba."

"Ba ka ji ba, Yallaɓai."

Juma'a kwamiti ya iso tara da rabi daidai, a mota biyu. Ciyaman ne a gaba, tsohon ma'aikacin gidan waya mai jan biro a aljihun gaba. Malama Babba ta tarbe su a ƙofa, ta wuce da su aji shida kai tsaye. Yara saba'in suka miƙe daga ƙasa suka gaishe su da murya ɗaya, suka koma suka zauna. Ko bencin nan takwas na makarantar babu, suna cikin ayari.

Ciyaman ya tsaya a bakin ƙofa. Ya dubi takardarsa, ya dubi ajin.

"Malama, ina kujerun?"

"Suna hanya, ranka ya daɗe."

"Gyara aka kai su?"

"A'a. Jiya suna makarantar gefen asibiti. Shekaranjiya suna bayan kasuwa."

Wani ɗan kwamiti ya yi tari. Wani ya tambaya ko shayin ya yi. Malama Babba ta ce wa malamin aji ya ci gaba da shifta, aka ci gaba. 'Yan kwamitin suka jeru a tsaye jikin bango, abin da ba su taɓa yi ba, suna kallon yara saba'in na rubutu a kan gwiwa. Sista ta sunkuya ta karɓi littafin wata yarinya. Ta nisanta shi da idonta, ta kusanto da shi.

"'Yar nan, haka kike rubutu kullum?"

"A'a, Mama. Ranar da kuka zo na fi iyawa."

Goma da kwata aka ji ƙahon mota. Kan Lokaci ya shigo harabar da baya, benci arba'in ɗaure da igiya sun yi tsiri a kan motar, tsohon buhu ya rufe rubutun bayanta. Ya diro ya cire hula.

"A gafarce ni, manya. Yau ce rana ta farko da na makara."

Yaran aji biyar, da ba wanda ya ce musu komai, suka fito a layi suka fara saukewa biyu-biyu, kowa ya san gefen da zai kama. Ciyaman ya kalli yadda suke yi ba tare da ko karo ɗaya ba. Sista ce ta ɗaga hannu.

"Ku ajiye wannan."

Suka ajiye. Ta zagaya bencin, ta durƙusa a ƙarshensa na hagu. A jikin ƙusar akwai zare kala biyu, kore da ruwan toka. Ta cire su da farce, ta ɗora a tafin hannu, ta miƙa wa Ciyaman.

"Koren na Litinin ne. Wannan na Laraba." Ta juya wurin Malama Babba. "'Yata, shekara nawa nake zama a kan bencin nan?"

"Tara, Mama."

"Shi ya sa nake ganin kamar na san shi."

Ciyaman ya zaro jan bironsa, ya duba layin wurin zama, ya daɗe, sannan ya mayar da biron aljihu. Ya ce wannan yaudara ce ga hukuma. Malama Babba ta ce haka ne, kuma da ita aka yi. Ya ce kada a shigar da benci ko ɗaya cikin aji, a mayar da su mota a kai ofishin ilimi a matsayin shaida. Kan Lokaci ya tambaya wa zai biya kuɗin wannan sawun. Shayin ranar ya huce a ofis.

A zaman Laraba shugabannin biyar suka zauna a jere a gaban kwamiti. Dattijo ne ya fara magana. Ya ce shi ya koya wa sauran wannan dabara, kuma da an ba shi dama zai sake, don bai taɓa ganin takardar da ke tambayar dalilin zaman yaro a ƙasa ba, sai mai hukunta wanda aka kama. Mutum uku a kwamitin suka nemi a dakatar da su duka. Sista ta ajiye zarenta biyu a kan tebur, ta kawo shawarar a ɗauke kuɗin fentin katangar ofis a yi benci, a kuma daina sanar da ranar ziyara. Ƙuri'a ta tsaya uku da uku. Ciyaman ya daɗe yana kallon fanka kafin ya ɗaga hannu tare da Sista.

Kowane shugaba ya fita da takardar gargaɗi. Malama Babba ta ninke tata ta sa a jaka. A bakin ƙofa Kan Lokaci na jiran ta, ya cire buhun daga bayan motarsa.

"Yaya, kin kashe min kasuwa."

"Benci ɗari biyu za a raba wa makaranta biyar. A kai za a ɗauke su?"

Ya yi lissafi, sannan ya buɗe mata ƙofar gaba.

Kafinta ya yi alkawarin hamsin na farko cikin mako uku, kuma kwamiti ya ce aji shida na ƙarshen layi za a fara ba. Jarrabawa saura mako goma sha ɗaya. Tsofaffin arba'in ɗin kuwa har safiyar yau suna jibge a harabar ofishin ilimi, an lulluɓe su da tamfol. Ciyaman ya ce za a sake su da zarar makarantar da ta mallake su ta kawo shaida. Shugabanni biyar sun kawo rajistar kayan makarantunsu, kuma kowace ta nuna benci arba'in.