Ƙurajen da Ya Ɓoye

"Jinin bai nuna komai ba, abin da muka shafo a maƙogwaronka ma haka," in ji ma'aikaciyar ɗakin gwajin, wata dattijuwa mai tabarau.

Wanda aka yi wa gwajin, wani mai aski, ya sauke ajiyar zuciya. "Alhamdu lillahi. In tafi ke nan, Hajiya?"

"Zauna tukuna, ƙanena. Ƙyandar biri ba ta daɗewa a jini. A maƙogwaro kuma wani lokaci a same ta, wani lokaci a rasa. A cikin ƙurji take zama, ruwansa ko ɓawonsa muka fi so. Ranar da ka zo ka ce zazzaɓi ne da kaluluwa kawai, babu ƙurji. Har yanzu haka ne?"

Ya sunkuyar da kai. Akwai ƙurajen, a matsematsinsa, suna masa zogi ko da ya zauna. Tun da cutar ta kwantar da abokin aikinsa, wanda suke amfani da tawul ɗaya a shago, ya daina kwana a gida. Amma wa zai yarda da zancen tawul? In matarsa ta ji inda suka fito, me za ta ɗauka?

"Haka ne," ya ce.

Ta kalle shi, sannan ta miƙa masa takardarsa.

Yana kaiwa bakin ƙofar asibitin wayarsa ta yi ƙara. Matarsa ce.

"Maigida, yaya ake ciki?"

"Sun ce jinin lafiya lau."

"Mun gode Allah. To ka dawo gida haka nan. Ko sai jaririyar ta yi haƙora za ka ɗauke ta?"

Ta yi dariya. A bayan muryarta ya jiyo ɗan siririn kukan 'yarsa da aka haifa bayan ya bar gida, wadda bai taɓa riƙewa ba. Ya tuna yadda ya ga fuskar abokin nasa ta tagar ɗakin da aka keɓe shi, ƙato guda amma ko ruwa ba ya iya haɗiya.

"Ba yau ba," ya ce. "Saura gwaji ɗaya."

"Na mene ne kuma?"

"Zan gaya miki. Duka zan gaya miki."

Ya koma ciki. Dattijuwar na wanke hannu.

"Hajiya," ya ce, murya ƙasa-ƙasa, "akwai namiji a cikinku?"

Ta buɗe durowa ta ɗauko tsinken auduga da ƙaramar kwalba.

"Akwai. Shiga bayan labulen can, bari in kira shi."