Ɗakin Addu'ar Yaya

Yaya ta ce tun da ta buɗe shagon ɗinki, gari bai taɓa waye mata ba tare da ta yi awa guda a gwiwa tana addu'a ba. Ta faɗa wa mai kawo zare, ta faɗa wa amare masu zuwa gwaji, ta faɗa a taron matan coci, inda kusan duk wani kwamiti akwai kujerarta a ciki. Har ɗaki ta ware a bayan shago, aka yi wa ƙofar fenti, ta ce na addu'a ne. Ba a shiga da takalmi. In an bi ta ƙaƙale ma ba a shiga gaba ɗaya, sai ita.

Auta, ƙanwarta, ba ta da ɗaki. Keken ɗinki na bakin ƙofa gare ta da ciwon wuya. Kullum takan ce in ta gama hannun rigar nan za ta buɗe Littafi Mai Tsarki, hannun riga kuwa haihuwa yake yi. Ran Lahadi ta rufe ido a coci za ta yi addu'a, sai ta tsinci kanta tana auna kafaɗar mai wa'azi a zuci. Abin ya ba ta tsoro. Shi ya sa yau da safe ta zauna bakin gado, ta kife waya, ta karanta zabura a hankali, sannan ta yi shiru. Wayar na ta mutsu-mutsu a kan katifa, ta ƙyale ta.

Ta iso shago hantsi ya dubi ludayi. Yaya na tsaye da igiyar awo a wuya, rigunan mawaƙan coci jibge a kan tebur.

"Sannu da isowa, ranki ya daɗe. A kawo ruwa?"

"Addu'a na tsaya yi, Yaya."

"Addu'a! Riguna na jiran maɓalli, ke kina can kina hira da mala'iku. Ni da nake yi kullum, kin taɓa ganin na makara?"

"So nake in riƙa yin haka kafin in fito. Zan rama aikin da yamma."

"To haɗa kayanki ki koma wurin Baba. Can ba mai hana ki zama waliyyiya."

Gidan Baba babu keke, Auta kuwa ko yanka kwat ba ta gama koya ba. Ta zauna ta zira zare, amma ba ta ce ta fasa ba.

Ana haka sai ga matar fasto ta shigo duba rigunan, tana ɗingishi, ƙafafunta sun kumbura sun cika takalmi. Nan take Yaya ta ajiye muryar shago ta ɗauko ta coci, mai laushin nan da ake ja wa wutsiya.

"Mama, Allah ne ya kawo ki. Ki yi wa yarinyar nan faɗa. Ki gaya mata aiki ma ibada ne."

Matar fasto ta zube a kan benci, ta zare takalmi ɗaya, ta saurari ƙarar har ƙarshe. Sannan ta dubi Auta.

"Ke 'yata, me kika ce wa Ubangiji da ya ɗau lokaci haka?"

"Ban ce abu da yawa ba, Mama. Zama kawai na yi."

"Zama," in ji matar fasto, kamar an ambaci wani abinci da ta daɗe ba ta ci ba. "Ni daga taron nan sai taron can, sai asibiti, sai gidan makoki. Duk hidimarsa nake, amma in ya tambaye ni yaushe rabon da mu zauna, sai dai in sunkuyar da kai." Ta juya wurin Yaya. "Ke da kika san daɗin abin kullum safiya, ai ba ke za ki hana ƙanwarki ba."

Yaya ta dafe ƙirji.

"Ni? Haba Mama! Gwada ta nake yi, in ga ko da gaske take. Ta riƙa yi mana. Ɗakina ma na ba ta aro, in na fito ta shiga."

"Babu zancen komawa gida ke nan?"

"Wa ya ce gida? Wasa ne tsakanin 'yan'uwa."

Auta ta sauke ajiyar zuciya. Kafaɗunta suka sauko, har ciwon wuyan ya ɗan ja baya. Ta sunkuya kamar mai neman allura, don kada a ga haƙoranta.

"Madalla," in ji matar fasto, ta mayar da takalminta. "Mu je mu rufe maganar da addu'a. Dama na sha jin labarin ɗakin nan, ban taɓa sa ƙafa ba."

Neman makulli ya ɗan ɗau lokaci. Ba ya jaka, ba ya aljihu, a ƙarshe aka same shi a gwangwanin maɓallai. Kwaɗon ya ƙi juyawa, sai da Auta ta ɗiga masa man keke. Yaya ta ce kayan yanzu ba su da ƙarko.

Ƙofa ta buɗe da ƙara. Ga kujera, ga labule fari, ga taga da gilashi ɗaya a fashe. A ƙasa kuma, kan matashin da Yaya ke durƙusawa, wata jar kaza ce kwance, ta baza fukafukai, tana yi musu kallon baƙin da ba su yi sallama ba.

"Kai, kajin maƙwabta!" in ji Yaya. "Yanzu-yanzun nan ta shigo. Da safe babu ita."

Ta kaɗa hannu ta ce, "Kur!"

Kazar ta miƙe a fusace. 'Yan tsaki suka fito daga ƙarƙashinta, suna tattaka ɓawon ƙwai.