Kwanon Damben Turai

Shekara biyu shanun Hamma ba su kwana a gonata ba, ga shaida nan a zangarniyar dawata, duk ta tsamure. Tun da shanun wasu baƙin makiyaya suka cinye gyaɗar ƙanena Gwadabe, matasanmu na Unguwar Hajji suka toshe burtali da ƙaya, Fulanin Ruwan Bago kuma suka ɗauke ƙafa. Mu ba taki, su ba hanyar ruwa.

Da na gaji, na aika wa Hamma, dattijon rugarsu, ya zo mu daidaita. Ya zo da hantsi shi kaɗai. Dattawa suka cika zaurena, matata Turai ta aiko da dambu, na tura masa kwanon.

"Bismilla, Hamma."

"Alhamdu lillahi, Sulle, a ƙoshe nake."

Sau uku ina tayi, ko kallon kwanon bai yi ba. Gwadabe, da ma a wuya yake, ya miƙe tsaye.

"Yaya, ka gani ko? Zato yake mun zuba masa wani abu. Wanda bai yarda da abincinmu ba, da maganarmu zai yarda?"

Gaskiya ni ma raina ya ɓaci. Har na fara laluben takalmi sai na ji gyaran murya daga bayan ƙofa. Turai ce, wadda ta shekara ashirin tana sayen nono wurin matar Hamma.

"Malam," ta ce a hankali, "yaushe ka ga dattijon Bafulatani na tauna a gaban taro? Kunya ce. Ku ba shi wuri mana."

Na ce wa jama'a mu je mu duba burtalin. Muka yi ta zagaya ƙaya kamar masu neman allura, Gwadabe na ta ƙunƙuni.

Da muka dawo, kwano fes. Mutumin nan ya cinye abincin gidan da ake gaba da shi, shi kaɗai, ba wanda ya ɗanɗana masa. Kunya ta kama ni, na kuma gode wa Allah da Turai.

Hamma ya gyara rawani, ya dubi Gwadabe.

"A gaya wa uwargida yaji ya yi yawa," in ji shi. "Da yaushe za a ɗauke ƙayar?"

Gwadabe ne ya fara zuwa ɗauko gatarin sare ƙayar.