Sabulun da Yari Ya Kawo

Shekarar da aka raba ma ma'aikatan gwamnati kuɗin Udoji, kowa a Katsina sai da ya sake kama. Ni Rabi ina nan Ƙofar Guga ina kallo: mai keke ya koma babur, mai babur ya fara hangen mota. Autana Yari, da ke aikin akawu a ma'aikatar gwamnati, shi kau sai ya shigo mani da kwali a kai.

"Inna, ga sabulu. Daga yau a bar dafa wannan abin."

Wannan abin! Sabulun kitse yake nufi, wanda na koya wurin uwata. In sayo kitsen shanu wurin mahauta, in narke shi, in tace ruwan tokar kara, in haɗa a tukunya in yi ta tuƙi har hannu ya gaji, sannan in dunƙula. Da shi na wanke ɗan banzan tun yana jinjiri, ko ƙurji bai taɓa yi ba.

"Mi ya yi maka?" na ce.

"Inna, wari yake. Abokaina in sun zo gaishe ki kunya nake ji."

Raina ya sosu, ba zan ɓoye ba. Amma da na ɓare takardar na shinshina, kai, sai ƙamshi ya buge ni. Fari sol, santsi kamar ƙwai. Na shiga makewayi na goga, kumfa ta tashi har ban ga hannuna ba. Na fito ina ta shafa jikina ina dariya ni kaɗai, tsofai-tsofai da ni. Na ɗebi guda biyu na miƙa ma maƙwabciyata Jummai, ashe ita ma ɗanta ya kawo mata irinshi. Kafin wata ya mutu, duk matan unguwa ƙamshinmu ɗaya.

To, maigidana Malam Sada ya daɗe da rasa ganinshi. Yanar ido ce ta rufe mashi idanu a hankali, bai taɓa yin ƙorafi ba. Yini yake bisa buzunshi a ɗaki da tazbaha, mata na shiga gaishe shi suna fita. Ni kuma tafiyata ba ta da sauti, amma da na ɗaga labule zai ce, "Rabi, shigo mana, kin tsaya mani a ƙofa." Ban taɓa tambayar kaina yadda yake ganewa ba. Na ɗauka shekaru ne kawai.

Wata rana da hantsi na kai mashi fura. Na ɗaga labule, sai na ga ya gyara zama, ya ja riga ya rufe gwiwa.

"Jummai ce? Maraba. Ina kwana, ina gajiya? Uwar ɗakin naki tana tsakar gida."

Na ƙyalƙyale da dariya har fura ta kusa zubewa. "Haba Malam, ni ce fa!"

Shi ma ya yi dariya, amma gajera. Ya karɓi ƙwarya ya kurɓa kaɗan ya ajiye.

Daga ranar ya daina kiran sunana in na shiga. Sai ya ɗaga kai ya jira, har in yi magana. Wani lokaci in tarar yana juya fuska wajen ƙofa alhali ina zaune gefenshi. Abinci ma ya rage ci. Na yi zaton shawara ce, na dafa mashi saiwoyi, ya sha don kada in ji haushi.

Da abin ya ishe ni na zauna gabanshi. "Malam, ka faɗa mani abin da ke damunka, ko in tara maka 'ya'yanka."

Ya daɗe yana murza tazbaha.

"Ba komi ba ne, Rabi. Sabulun nan yana maki daɗi, na ji kina waƙa a makewayi. Ki ci gaba da abinki." Sannan ya ce, "Da idona ya tafi na ce alhamdu lillahi, ai ke kam ina ganinki. Hayaƙi da toka, tun daga zaure nake sanin kin dawo. Yanzu ɗakin cike yake da baƙi, ni kuma ina jiran matata."

Tausayinshi ya kama ni, haushin kaina kuma ya fi. Na yafa mayafi na nufi mahauta.

Yini na yi ina tuƙi, hayaƙi na shiga mani ido, ina zagin tukunyar ina jin daɗi. Sabulun kanti kuwa ban yar ba, ni ba mahaukaciya ba ce. Na ajiye ma Malam, shi ya riƙa wanka da abinshi, tunda ni ina da idon ganinshi. Ya ce kumfar ta yi mashi.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci sai ga Yari da abokanshi. Tun daga zaure na ji ya ja tsaki. Ina tsaye bayan ƙyaure da kwanon tuwo, ban yi motsi ba, ina so in ji mi zai ce.

"Baba, Inna ta koma dafa abin nan ko? Tana ina?"

"Wane ne?" in ji Malam.

"Ni ne Yari, Baba."

"To, zauna, Allah Ya yi maka albarka. Uwarka kuwa ga ta nan bayan ƙyaure tana saurarenmu. Rabi, shigo da tuwon nan kafin ya huce."